Daji a Cikin Ikko

Baba ya bar daji yana ɗan sha bakwai,
a bayan tirelar shanu, daga Maigatari.
Ya sauka Agege da wuƙa ɗaya da buta.
Shekara arba'in da uku yana fiɗa a mayanka.
Yau likita ta juyo mana da allo,
ta dube ni, ta ce in faɗa masa.

Ni ce tafinta.
Turancinta na tafe a hankali, kamar mai tsallake kwata,
ni kuwa kalma guda ta cika mini baki.
Na ce, "Baba, daji ne."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Daji a Ikko, Lantana? Ina ya sami fili?
Garin da ko akuya sai ta biya haya."

Sai ya matso kusa da hoton.
Wanda ya buɗe cikin shanu dubu
hanji ba baƙonsa ba ne.
Ya ɗora yatsa kan wata inuwa, bai jira ni ba:
"Wannan ba mazauninsa ba ne."
Dakta Oyelaran ta gyaɗa kai.
Ranar suka fara magana ba tare da ni ba.

Ginin hawa huɗu ne, ba a tura mu ko'ina ba.
A ƙasa aka ɗebi jini,
aka tsinci tsoka ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero,
aka ce mu dawo bayan kwana tara.
Kwana taran nan
ni da fanka muka ƙirga su.

Daren tiyata ya ce a kawo masa mai yankan.
Ya karɓi hannunsa, ya duba farce, ya duba wuyan hannu,
ya ce, "Yaro, sauri ba shi ne iyawa ba."
Na fassara. Na rage "yaro".

Kuɗin kuwa abokan fawa suka haɗa,
a baƙar leda, suna ƙanshin kitse.
Mai karɓa ta ƙirga sau biyu,
ba ta yatsine fuska ba. Allah Ya saka mata.

Daga nan sai Talata bayan Talata.
Mu fito kafin kiran assalatu,
danfo ya tsaya cik a Oshodi,
ruwa na dukan rufi, kwandasta na rantsuwa,
mu isa hawa na uku da jiƙaƙƙen kati.
Can magani ke sauka ta jijiya,
ɗigo,
ɗigo,
kamar rufin da mai gida ya ƙi gyarawa.
A kujerar dama Mama Ebun ce, mai kifi daga Epe,
ɗankwali ya yi mata yawa yanzu.
Ba ta jin Hausa, Yarbancinsa na ciniki ne kawai,
amma tana miƙo masa citta idan zuciya ta tashi.
Wata Talata kujerar ta zama ta wani.
Bai tambaya ba. Ban fassara shirun ba.

Maganin ya cinye masa kan yatsu.
Ruwan sanyi na cizonsa wurin alwala,
maɓallin riga ya gagare shi.
Mahauci, ga shi ƙanshin nama na kore shi daga ɗaki.
Na same shi da dare yana shafa bakin wuƙarsa,
yana neman kaifin da ya sani.

Wata na bakwai aka sake hoto.
Likita ta daɗe tana dubawa, ta cire tabarau,
ta ce a yanzu ba ta ga komai ba,
mu dawo bayan wata uku.
Na nemi kalmar, na samo ta a gonar da ban taɓa gani ba:
"Baba, an yi sassabe."
Ya ce, "To. Amma mai gona ya sani,
sassabe ba a yinsa sau ɗaya.
Adana katin nan kada ya jiƙe."

A bakin titi ya riƙe hannuna za mu tsallaka.
Ya matse sosai, har da zafi.
Ba ya jin yadda ya matse.
Ban ce ya sassauta ba.